Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Tambayar da Gwaggo ta yi min

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya a inda na dawo gidanmu wankan jego bayan haihuwata ta biyu, to yau zan shiga wajen da ya fi min wuyar faɗa a duk labarin nan.

Tun kafin suna naji ba daidai nake ba. Yaro lafiyarsa ƙalau, Baban yara yana iya ƙoƙarinsa, Umma kuwa ga kunun kanwa ga gasasshen nama ga ruwan wanka da ganyen darbejiya safe da yamma, amma ni ƙirjina kamar an ɗora min dutse. Ko yaron yayi bacci ni idona biyu har asuba, abinci sai an matsa min, in ɗauke shi in kalle shi in ji ba komai a raina sai tsoro, sai in shige banɗaki in yi ta kuka a hankali dan kar a ji. Kafin arba'in wani tunani ya fara zuwa min, wai ni nauyi ce a kan kowa, wai da bana duniya da yarana sun fi samun mai kula da su.

Na ɗan gwada faɗa wa Yaya a fakaice, tace haba ke kuwa, Allah ya baki miji ya baki haihuwa wasu na can suna nema da kuka, kiyi istigfari wannan ai rashin godiya ne. Wallahi da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma daga ranar na kulle bakina. Umma ita kuma ta tsaya a kan iska ce ko sammu, aka yi ruƙiyya aka sha rubutu aka yi hayaƙi. Ni ban taɓa raina addu'a ba, har yau ita ce makamina, amma ai mai hawan jini ma yana addu'a kuma yana shan maganinsa.

Ana cikin haka Gwaggo tazo barka, ƙanwar Babanmu ce, tsohuwar nas. Ta ɗan jima tana kallona sannan ta sallami kowa daga ɗakin ta tura ƙofa ta zauna a gefen gado. Tace ɗiyata kalle ni nan, kina tunanin kashe kanki ne? Haka kai tsaye ba kwana-kwana. Jikina ya ɗau rawa, nace eh Gwaggo, na fashe da kuka. Bata yi salati da ƙarfi ba, bata fara min wa'azin wuta ba, kawai ta riƙe hannuna tace kin kyauta da kika faɗa, ciwo ne kuma yana da magani, daga yau bake kaɗai bace.

Mutane suna tsoron in suka yi irin wannan tambayar zasu saka wa mutum tunanin a kai, ni da na zauna a wajen ina gaya muku ba haka bane, tunanin yana nan tuntuni, tambayar ce ta bani ƙofar magana. Daren nan Gwaggo a ɗakina ta kwana, ta kwashe duk abinda zai iya cutar dani, ta karɓi yaron ta ce in kwanta.

Da safe aka yi rigima. Umma na jin asibitin ƙwaƙwalwa tace Dawanau kuma? A ce 'yata ta haukace, wa zai auri ƙannenta? Duk wanda ya tashi a Kano ya san yadda ake tsokana da sunan nan, kuma tsokanar nan tana hana mutane da yawa zuwa neman lafiya. Ga kuma tsoron hukuma, dan a lokacin sashe na 231 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda yayi yunƙurin kashe kansa, shi yasa iyalai ke rufe maganar ruf. Ghana sun cire irin wannan hukuncin a 2023 kuma a ganina daidai suka yi, mara lafiya likita yake buƙata. Gwaggo dai ta tsaya kai da fata har Baba yasa baki.

Likitan da muka gani ya saurare ni sosai, yace ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 tana shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan ta haihu, mafi yawa wannan ciwon. Ba a kwantar dani ba, ba a ɗaure ni ba. Ya rubuta min maganin da mai shayarwa zata iya sha, yace sai anyi makonni kafin in ji sauƙi, kar in daina dan naga kwana biyu ba canji, kuma in tunanin ya tsananta ko tsakar dare ne a kawo ni asibiti mafi kusa.

Sati mai zuwa in sha Allah zan baku labarin komawata ɗakina, da ranar da surukata ta tsinci katin asibitin a cikin jakar kayan yaro.