Ƙure Mutum Daban, Canza Ra'ayinsa Daban

Ƙannena, abin da ya ɓata mana lokaci, mu da muka riga ku shiga muhawara, shi ne zaton cewa hujja mai ƙarfi ta isa ta juya tunanin mutum. Ka jero hujjoji, ka ƙure abokin magana, ya yi shiru, ka tashi kana ganin ka gama. Shi kuwa yana nan kan bakansa, sai ma haushinka da ya tafi da shi.

A 1979 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tara masu goyon bayan hukuncin kisa da masu adawa da shi, suka ba kowa rahotanni biyu: ɗaya na cewa hukuncin yana rage kisan kai, ɗaya na cewa ba ya ragewa. Kowane ɓangare ya yaba wanda ya yi masa daɗi, ya tono aibin ɗayan, aka watse kowa ya ƙara kafewa. Idan ra'ayi ya haɗu da mutuncin mutum da jama'arsa, taɓa shi kamar cin fuska ne a wurinsa.

Saboda haka fara da zaɓen wuri. Ku biyu kaɗai, ba a gaban abokai ba. Mai kare girmansa a idon jama'a ba ya jin magana.

Sai ka tambaye shi yadda aka yi ya kai ga wannan ra'ayi, ka bar shi ya kai aya. A nan yawancin matasa ke faɗuwa: suna shiru ne kawai suna shirya martani. Idan ya gama, maimaita masa abin da ya faɗa da kalmominka, ka ce, "Haka kake nufi?" Kada ka wuce nan sai ya ce e. Ka kuma faɗi maganar tasa da ƙarfinta, ba a raunane ba don ta yi maka sauƙin rushewa. Zai gane idan ka yi masa wayo.

Akwai tambaya mai kama da wadda masu ba da shawara kan barin shaye-shaye suke amfani da ita. Ka ce, "Daga 0 zuwa 10, nawa ka yarda da wannan?" Idan ya ce 8, tambaye shi me ya hana ya ce 10. Da bakinsa zai fito da shakkunsa, kuma shakkar da mutum ya furta da kansa ta fi zama a ransa fiye da wadda aka ɗora masa. Haka ma idan ka nemi ya bayyana maka, daki-daki, yadda abin da yake goyon baya zai yi aiki. Sau da yawa a tsakiyar bayani yake ganin giɓin da kansa. To ka yi shiru a lokacin, kada ka yi murmushin nasara.

In ka zo faɗin naka, hujja ɗaya ta isa, wadda ta fi ƙarfi. Ka kawo biyar, zai kama mafi rauni ya yi ta sukarta har sauran su bi ruwa. Inda ya yi gaskiya, ce masa ya yi gaskiya, kuma da zuciya ɗaya. Wanda bai shirya sauka daga nasa ra'ayin ba idan gaskiya ta bayyana, bai cancanci neman haka daga wani ba.

Ba sai an daɗe ba. A wani bincike da aka wallafa a 2016, hirar kusan minti goma a ƙofar gidajen mutane a birnin Miami, wadda aka gina kan sauraro da jin labarin juna, ta rage ƙyamar da ake yi wa wani rukunin jama'a har tsawon wata uku.

Kada ka nemi ya ce "na yarda" a zama ɗaya. Da ka ji murya ta fara hawa, ko kun soma maimaita kanku, ku tsaya, ku yi sallama cikin mutunci. Idan ya dawo bayan mako biyu yana faɗin maganarka kamar tasa ce, bar masa ita, kada ka ce "ai na gaya maka".