Gaisuwar Rumawa

Laraba, bayan isha'i.

Yau darasin tarihi ya kai mu daular Rum. Ina tsaka da bayanin yaƙe-yaƙe sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu: "Malam, to su yaya suke gaisawa?" Shi ke nan, yaƙi ya tashi, muka koma gaisuwa.

Na rubuta musu a allo. Mutum ɗaya a ce masa salve, in suna da yawa salvete, in za a rabu kuma vale. A Latin, harshen Rumawa, na zamanin Cicero, shahararren ɗan siyasarsu kuma marubuci, harafin v kamar w yake fita, don haka "salwe" da "wale" ba su ba yaran wahala ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa ajin ya kaure da "Salwe, Malam!"

Amma abin da na fi daɗewa a kai shi ne gaisuwar safe, wadda suke kira salutatio. Tun da asuba talaka ko mai neman alfarma zai naɗa toga, mayafin nan na ulu mai nauyi da wuyar wanki, ya kama hanyar gidan ubangidansa. A yi cirko-cirko a ƙofa, a shiga bisa matsayi, a gaida mai gida, a fito da ɗan ihsani, sportula. Wajen ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya abin yakan kai ƙananan tsabar kuɗi 100, da ƙyar su riƙe mutum wuni guda. Wani yaro ya ce, "Malam, ai wannan ƙofar gidan ɗan siyasa ce." Ban musa masa ba.

Manyan ma har bawa suke ajiyewa, nomenclator, aikinsa kawai ya raɗa wa ubangidansa sunan wanda ke tahowa, don a gaishe shi kamar an san shi. Wannan kam rainin hankali ne, amma fa da dabara.

Sumba kuma ta yi yawa tsakanin manya, har sai da Sarki Tiberius, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37 Miladiyya, ya kafa dokar hana ta yau da kullum. A wannan ƙarnin ne wata cutar fata ta bazu a fuskokin masu faɗa a ji, aka ɗora laifin kan sumbar.

Manhaja ta bar mu a baya, gobe dole in koma kan Hannibal, jagoran sojojin Carthage da ya yaƙi Rum.