Maɓallin "Aika" da ya ƙi aikawa

Wata ƙungiya ce ta ba ni gyaran shafinta na intanet. Akwai fom ɗin rajista a ciki, mutane kuma sai kuka suke yi cewa sun cike komai, sun danna "Aika", amma shiru kake ji. A kwamfutocin ofishin kuwa fom ɗin yana tafiya sumul, don haka ma'aikatan suka yanke hukuncin cewa masu kukan ne ba su iya ba.

Da na tambaya a ina aka gwada shafin kafin a sake shi, sai aka ce a Chrome da Edge. To, wannan gwaji ɗaya ne aka yi sau biyu. Sunayen burauza, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, suna da yawa, amma manyan injinan da ke ƙarƙashinsu uku ne. Blink ne ke cikin Chrome da Opera da Samsung Internet, shi ne kuma cikin Edge tun 2020. WebKit na Safari ne, Gecko na Firefox. A iPhone ma, a mafi yawan ƙasashe, Chrome ɗin da kake gani WebKit ne a cikinsa. Saboda haka na ajiye kwamfuta, na nemo tsohuwar iPhone da wata tsohuwar wayar Android da ta daɗe ba a sabunta ta ba.

Matsalolin iPhone ba su ba ni wuya ba. Akwatunan fom sun manne da juna, domin an yi amfani da gap a cikin flexbox, wato umarnin ba da tazara tsakanin abubuwan da aka jera, Safari kuwa bai san shi ba sai a sigar 14.1, a shekarar 2021. An sa tsayin shafi 100vh, wato cikakken tsayin allo, sai gindinsa ya shige ƙarƙashin sandar burauza. Rubutun cikin akwatunan bai kai fiksel 16 ba, shi ya sa da ka taɓa akwati sai allon ya zuƙo kansa, rabin fom ɗin ya ɓace a gefe. Duk waɗannan gyaran layi biyu ko uku ne na CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi, kuma shafin caniuse yana faɗa maka sigar da ta fara karɓar kowane abu.

A tsohuwar Android ɗin ne na ga ainihin ciwon. Abin da aka rubuta wa "Aika" ba maɓalli ba ne. Wani div ne kawai, wato akwatin da ba shi da wani aiki na kansa, aka shafa wa kore, aka lanƙwasa kusurwoyinsa, aka ɗaura masa JavaScript, harshen da ke sa shafi ya yi aiki, don ya kama dannawa. A cikin fayil ɗin JavaScript ɗin kuma akwai wata sabuwar alama, ayar tambaya haɗe da ɗigo, wadda ba ta shigo burauzoji ba sai a 2020. CSS yana da haƙuri: idan ya ci karo da abin da bai gane ba sai ya tsallake ya ci gaba. JavaScript ba ya wannan. Alama ɗaya da injin ya kasa karantawa ta isa ya yi watsi da fayil ɗin baki ɗaya. Haka ma idan sabis ya yi rauni fayil ɗin bai sauko ba. Sai mutum ya yi ta danna koren akwati kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka zana a bango.

Daga nan na cire linzamin kwamfuta na koma kan maɓallin Tab na kibod kaɗai, yadda wanda hannunsa ke rawa ko makaho yake bin shafi. Na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ban ma san inda nake ba, saboda an goge zoben da ke nuna wurin da kake, wai ba shi da kyan gani. Da na iso ƙarshe, Tab ya tsallake "Aika" ya wuce. Na kunna NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta a Windows, ita ma ta karanta kalmar a matsayin rubutu kawai, ba ta ce maɓalli ba ne.

A nan na fahimci cewa mai tsohuwar waya da makaho wuri ɗaya suke tuntuɓe, maganinsu kuma ɗaya ne. Na mayar da div ɗin button na gaskiya a cikin form na gaskiya, wato maɓalli da fom na HTML, harshen da ake gina shafi da shi. Nan take Tab ya same shi, Enter ya yi aiki, NVDA ta kira shi da sunansa, kuma ko JavaScript ya mutu burauza da kanta takan tura bayanan. Akwai masu son gyara irin wannan ta hanyar jibga wa div ɗin ARIA da tabindex, wato ƙarin alamomin da ke sa manhajar karanta allo ta san aikinsa, Tab kuma ya tsaya a kansa. Zai iya yin aiki, amma ni ban ga dalilin sake ƙera abin da burauza ta riga ta ba ka kyauta ba. Ƙa'idar farko ta ARIA ma cewa take yi, in akwai alamar HTML da ta dace, yi amfani da ita.

Sauran gyaran na bi ma'aunin WCAG ne, ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafuka na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wanda sigarsa ta 2.2 ta fito a Oktoban 2023. Sunayen akwatunan an rubuta su ne a ciki da ruwan toka, da ka fara rubutu sai su ɓace, ka manta me ake nema. Na ba kowane akwati label, wato sunansa a rubuce, a samansa. Launin tokar #999999 a kan fari bambancinsa bai kai 3 da 1 ba, alhali ana neman 4.5 da 1 ga ƙaramin rubutu; #767676 ne ya ɗan haye layin. Mai kula da kwalliyar shafin ya ɗan ɓata rai, sai na roƙe shi ya fita da wayarsa cikin rana ya karanta tsohon launin. Bai ƙara musu ba. Kuskure kuma da jan layi kawai ake nunawa, wanda ba ya bambance ja da kore bai san an yi ba, sai na ƙara saƙo a rubuce mai faɗin abin da ya saura.

Na gwada Lighthouse, manhajar da ke duba shafi ta ba shi maki, makin ya yi sama, amma ban ba shi amana sosai ba. Hoton da aka rubuta wa "hoto" a matsayin bayani yana iya wucewa a wurinsa. Sai na roƙi wani makaho da na sani ya gwada da TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, a wayarsa. Muryar tana gudu da saurin da ban kama ko kalma ɗaya ba, shi kuwa ya cike fom ɗin ya aika. Sai dai ya ce bayan aikawar bai ji komai ba, bai san ko ya tafi ba. Saƙon nasara yana bayyana a saman allo, manhajar ba ta sanar da shi. Babu na'urar gwajin da ta nuna mini wannan. Na sa fom ɗin ya riƙa kai mutum sabon shafi mai kanun "An karɓi rajistarka".

Abin da ya rage su ne takardun PDF ɗin ƙungiyar, waɗanda duk hotunan shafuka ne aka ɗauka, babu harafi ɗaya da manhaja za ta iya karantawa. Na ba su shawara a sake buga su a matsayin shafukan HTML, a fara da takardar sharuɗɗan rajistar.