Sanyin Glasgow ne ya kora ni gidan tarihi

Ni fa kafin mu zo Glasgow sau ɗaya na taɓa shiga gidan tarihi a rayuwata, shi ma Gidan Makama ne muna firamare aka jera mu a layi, malam na bayani mu hankalinmu na kan mai alawa a bakin ƙofa.

Disambar farko ce ta kusa zautar da ni. Ƙarfe huɗu bai cika ba gari ya yi duhu, ruwa kuma ba ya ɗaukewa, maigida yana makaranta tun safe, ni da yara biyu a ɗaki, in na kunna hita in tuna bil, in na kashe yara su hau kuka. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ce in kai su gidan tarihi na Kelvingrove. Na ce nawa ne shiga, ta ce kyauta. Wallahi ban yarda ba, sai da na soke fam 20 a jaka saboda halin ko-ta-kwana.

Ashe da gaske take. Ƙaton gini na jan dutse da aka buɗe tun 1901, ciki ɗumi lau, babu mai tambayarka ko sisi, akwatin gudummawa ne kawai a gefe in ka ga dama. Muna shiga ƙaramin ya ƙame, ga giwa a tsaye, Sir Roger sunanta, an busar da ita sama da shekara 100, a samanta kuma jirgin yaƙi na Spitfire a rataye. Ya ja mini hijabi, "Umma za ta cije ni?" Ƙarfe ɗaya aka fara kaɗa wani ƙaton abin kiɗa irin na coci, har a ƙirji nake jin sa, ni dai na samu benci na zauna na huta a karon farko cikin sati.

Daga baya na gane Kelvingrove da sauran gidajen tarihi mallakar birnin ƙungiya ɗaya ce ke riƙe da su, Glasgow Life, ƙungiya ce da ba ta neman riba, an kafa ta a 2007 tana gudanar da su a madadin majalisar birni, har da laburare da wuraren wasanni. Sai muka shiga bi ɗaya bayan ɗaya. Riverside na bakin kogin Clyde shi ne na yara, tsofaffin motoci da jiragen ƙasa, Zaha Hadid 'yar asalin Iraƙi ce ta zana ginin, aka buɗe a 2011, a 2013 ya zama gwarzon gidajen tarihin Turai. Nawa kuwa shi ne Burrell da ke cikin lambun Pollok. Wani attajiri mai jiragen ruwa, William Burrell, shi da matarsa suka ba birnin kayansu kyauta a 1944, wajen guda 9,000, an gyara ginin an sake buɗewa a 2022. Akwai wata dardumar Farisa a can da aka saƙa mata lambu da magudanan ruwa da tsuntsaye, na fi minti ashirin a kanta, har babbar ta ce Umma ba fa sayarwa ake ba.

Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai. Cikin kayan da birnin ke da su har da na masarautar Benin ta Najeriya, irin waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. A 2022 majalisar ta amince a mayar wa Najeriya su. Na yaba musu, amma kuma shekara 125 fa, bashi ne ya daɗe, ba kyauta ba ce.

Yanzu duk baƙuwar da ta zo ta fara yi mini ƙorafin sanyi da kaɗaici, ba na dogon lallashi, sai in ce ta shirya yara ranar Asabar mu haɗu wajen giwa. Fam 20 ɗin nan kuwa shayi da kek muka sha da ita, biyar na jefa a akwatin.