Yatsu biyun da na bari a bakin zarto

Jiya na tsaya a ƙofar wani wurin aikin katako ina kallon wani yaro da bai fi shekara 16 ba yana tura falanki cikin injin zarto. An cire murfin da ke kare bakin zarton an jingine shi a bango. Kunnuwansa duka biyu a toshe da abin jin waƙa, hannun rigarsa na reto kusa da ƙarfen da ke juyawa. Na ce masa, "Ɗana, mayar da murfin nan." Ya zare abin kunne ɗaya ya ce, "Baba, ai rage sauri yake yi." Na ɗaga masa hannuna na hagu. Ya duba, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ci gaba da abinsa.

Abin da ya faɗa shi na faɗa ina tsaransa. Ni ma da hannuna na kwance murfin, babu wanda ya sa ni. Biyan gwargwadon abin da ka yanka ake yi mana, a gida kuma ana jiran abin da zan kawo, don haka duk abin da zai jinkirta ni abokin gaba ne. Ran da abin ya faru, wani guntun katako ne ya maƙale kusa da haƙoran zarton. Kashe injin a jira ya tsaya bai kai minti ɗaya ba, amma na ga ɓata lokaci ne, na miƙa hannu. Ban ji zafi da farko ba, ɗumi kawai na ji, sai na ga garin katakon da ke kan teburin ya koma ja.

Na daɗe ina cewa ƙaddara ce, kuma na yi imani da ƙaddara. Na daɗe kuma ina ɗora wa maigidana laifi, kuma har yau ban wanke shi ba. Bai taɓa zaunar da ni ya nuna mini inda makunnin gaggawa yake ba, kuma ya sha wucewa ya ga murfin a ƙasa bai ce uffan ba. Ta yaya yaro zai ji tsoron abin da manya ke yi a gabansa kullum? Amma akwai wani dattijo a wurin da ya gargaɗe ni, na yi masa kallon wanda tsufa ya sa wa tsoro. Wannan nawa ne, ba ni da wanda zan jingina wa.

Sai da na girma na san cewa tun 1973 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 138, ta ce kada a ɗauki wanda bai kai 15 ba aiki, ta sassauta zuwa 14 ga ƙasashe masu tasowa, aiki mai haɗari kuwa sai ɗan 18. Ɗan 16 ma ba ya taɓa irinsa sai dokar ƙasarsa ta yarda, an koya masa aikin sosai, an kuma tanadi kariyarsa. Ko ɗaya ban samu ba. Yarjejeniya ta 155 ta 1981 ta ce ma'aikacin da ya janye daga aikin da ya ga zai iya hallaka shi nan take bai kamata a hukunta shi ba. Da na san haka, da na ƙi? Gaskiya ina shakka, mai jin yunwa ba ya tuna takarda. Duk da haka da na nemi diyyata, maimakon kuɗin magani da aka damƙa mini aka ce in yi shiru.

Ku kuwa 'yan yanzu, dokar ƙwadagon ƙasarku tana cikin wayar da ba kwa ajiyewa, amma kun fi son ɗaukar bidiyon kanku kuna aiki da hannu ɗaya. Abin yana ƙona mini rai.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ga shi ba su da yawa. Kada ka sa hannu a inji sai ka kashe shi, ka zare wayar wutarsa, ka ga ya tsaya cik. Kada ka cire murfi, ko wa ya ce. Sa safar hannu in kana ɗaukar kaya, amma cire ta kusa da abin da ke juyawa, don in ya kama safar har hannun zai ja. Ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) tsawon awa 8 a kullum tana cin ji, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa, abin jin waƙa kuwa ba kariya ba ne.

In ba ka kai 18 ba aka sa ka kan inji irin wannan, ka ƙi. Na san in ka ƙi akwai wani a bayanka da zai karɓa, kuma ba ni zan ciyar da gidanku ba, don haka ba zan ce ka bar aikin ba. To, aƙalla ka ce a koya maka tukuna, a gaban shaida. In ka ji rauni, ko ƙarami ne, ka je asibiti a rubuta, ka riƙe takardar, ka kai maganar ofishin ƙwadago, kuma kada ka sa hannu a kan komai sai wani babba naka ya karanta.