Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Rashin Tawakkali Ne"

Assalamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya inda na fita takaba. Abin da dangi ba su gane ba har yau, ba cikin takabar na kwanta ciwo ba, sai bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, anka bar ni da yara da kuɗin haya a Mabera. Barci ya ƙi, zuciya na bugawa ina zaune ban yi aikin komai ba, ciki na zafi, in ɗora tukunya in manta da ita. Gwaggo ta zo ta dube ni sama da ƙasa tac ce "ke dai rashin tawakkali ne, mu da munka binne maza biyu mi ya same mu?" Gaban yarana ta faɗi haka.

Sai da na koma karatu kwalejin ilimi ta Shehu Shagari, na girme kowa a ajin, malaminmu na ilimin halayyar ɗan Adam ya kawo maganar Hans Selye, wani likita a Kanada da ya yi gwaji kan ɓeraye a 1936. Yac ce jiki in matsi ya same shi mataki uku yake bi, farko firgita, sannan ya daure yana ta fama yana zuba sinadarin kotisol cikin jini, in abin ya ƙi ƙarewa sai ƙarfin ya ƙare mutum ya zube. Wallahi hawaye na yi a ajin, ashe daurewar takaba ce ta cinye ni, ciwon ya biyo baya. Ga wasu likitoci biyu a Amurka, Holmes da Rahe, da sunka jera abubuwan da ke girgiza mutum a 1967, mutuwar miji ko mata ita sunka sa a sama da maki 100. Amma wai rashin tawakkali.

Ni da nike tashi tsakar dare ina nafila Gwaggo na barci! Inna ce kaɗai, Allah jiƙanta, ba ta taɓa ce min komai ba, sai ta aiko da gero da manshanu tac ce in fara dama fura ina saidawa. Wasu masana ilimin halayyar ɗan Adam, Lazarus da Folkman, a 1984 sun ce hanya biyu mutum ke bi, ko ya tunkari matsalar kanta ko ya lallashi zuciyarshi, kuma abin da ke ƙara nauyin shi ne ka ga ba ka da abin da za ka tare ta da shi. Inna ba ta yi boko ba amma duka biyun ta ba ni, furar ta biya haya, zuwa makarantar Islamiyya da yamma cikin mata ya sa na daina zama ni kaɗai da tunani.

Bara da ɗan Gwaggo ya rasa shagonshi ya daina cin abinci, ni ta kira da dare tana kuka, ni na kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ya ga likita. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda anka raba gadon.