Ƙurar hunturu ta shigo lissafina

Masu tambayar me nake yi a digiri na uku, ga shi. A kwamfuta nake gina tashar sola da lissafi zalla, in zuba mata hasken rana na shekara guda, awa 8,760, in ga ko rarar wutar tsakar rana za ta isa a raba ruwa gida biyu a fitar da iskar haidirojin, a adana don a mayar da ita wuta da dare. Kilo ɗaya na haidirojin yana cin ruwa kusan lita 9, wuta kuwa wajen kilowat-awa 50, wato yunit 50 na mitar wuta.

Da na je hutu ƙauyenmu can wajen Gumel, na tarar ƙura ta lulluɓe farantan solar burtsatse, har yara na rubuta sunansu a kai da yatsa. Baba mai gadi ya ce, "Ɗana, in buji ya taso, famfon nan sai tsiyaya." Ruwan wanke farantan ma daga tankin da mata ke bin layi za a ɗiba, kuma wallahi ba za su yarda cikin sauƙi ba.

Dole ƙura da ruwan wanki su shiga lissafin. Ga shi injin haidirojin ba ya shan ruwan rijiya haka nan, sai an tace shi tas, tacewar ma wuta take ci.